Neman shawara: ina son karanta aikin jarida amma Baba ya ƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, na gama sakandare bana kuma tun ina ƙarama nake son aikin jarida, kullum da asuba rediyon Baba na kan tabarma ina jin BBC Hausa ina kwaikwayon masu karanta labarai. Yanzu zan cike JAMB ina so in sa Maskom, wato kwas ɗin aikin jarida, a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), shi kuma Baba ya ce aikin ba kuɗi kuma mace ba ta yawo da makirufo a titi, wai in karanci lauya. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Wata tsohuwar ɗaliba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu na farko duba sakamakonki, kina da kiredit a Turanci da Litirecha? Don yawancin jami'o'i suna nema, kar ki cike fom ki sha wahalar banza. Sannan ki sani tun 2020 hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta raba kwas ɗin gida bakwai, akwai aikin jarida, watsa labarai ta rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim da sauransu, to ki nuna wa Baba wannan, ba kowa ne ke bin 'yan siyasa da makirufo ba.

Wani ma'aikacin rediyo: Gaskiya Baba bai yi ƙarya ba kan maganar kuɗi, ni na yi wata biyar a wani gidan rediyo mai zaman kansa ba a ba ni ko sisi ba, kuɗin adaidaita sahu ma daga aljihuna. Amma abin da ya fitar da ni shi ne fassara. Edita zai miƙo miki labari da Turanci saura minti goma a shiga situdiyo, ki mayar da shi Hausa mai daɗin ji ba tare da kin canza ma'ana ba, wannan ba a allo ake koyonsa ba. Idan kin samu shiga BUK ki liƙe wa gidan rediyon jami'ar tun daga aji ɗaya, kar ki jira sai lokacin ai-ti, wato lokacin da ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. Ki koyi haɗa sauti da bidiyo a waya, ki riƙa karanta Aminiya kina lura da yadda suke buɗe labari.

Wata uwa: 'Yata kar ki ja da mahaifinki, albarkarsa ta fi digiri. Ki samu kawunki ko wani da yake jin nauyinsa ya zauna da shi, in da hali a kai shi ya ga matan da ke aikin da mutuncinsu da lulluɓinsu.

Mai tambaya: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Ina da C5 a Litirecha. Kawuna zai zo ranar Juma'a, zan fara yi masa magana kafin ya shiga wajen Baba.