Agogon zamani: me zan gwada kafin in sa a bidiyon talla?

MaiShago_FarmCentre:
Assalamu alaikum 'yan kasuwa. Ina shirin sarar agogunan zamani masu araha, ina so in riƙa tallata su a sitatus na WhatsApp da TikTok. Kwalin yana cewa suna auna bugun zuciya, hawan jini, har da suga. Me zan gwada kafin in faɗi haka a bidiyo, kuma yaya zan rage kayan da ake dawowa da su?

MaiGyaranWaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Fara da juya agogon ka dubi bayansa. Bugun zuciya da koriyar fitila ake auna shi, iskar da ke cikin jini kuwa sai da jar fitila da wata da ido ba ya gani. In kwali ya ce yana auna iskar jini amma kore kaɗai ke kunnuwa, lambar da yake nunawa ƙirƙirarta aka yi.

Gwajin bugun zuciya ba wuya. Ɗaura agogon sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa, ya kama sosai, ka ƙirga bugun jijiyarka da yatsa na daƙiƙa 60, ka kwatanta. Sai ka hau bene sau biyu da sauri ka sake. Na kirki zai tashi tare da kai, na bogi yana nan yana yawo tsakanin saba'in da tamanin.

Maganar suga kada ta shiga bakinka ko kaɗan. A Fabrairun 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga in ya yarda da lambar ƙarya ya canza maganinsa, rai ne a ciki. Hawan jini ma haka: ko agogon Samsung da ke aunawa sai an daidaita shi da na'urar asibiti duk kwana 28.

HajiyaKayanWaya:
Abin da masu saye suka fi tambaya shi ne, "Zan iya alwala da shi?" Alamar IP67 da ake rubutawa a kwali na nufin agogon zai jure zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta, don haka alwala ba matsala. Iyo sai mai alamar 5 ATM, wadda ta fi IP67 jure ruwa. Ruwan zafi da sabulu suna cinye robar da ke toshe ramukan, ka faɗi wannan a bidiyon tun kafin a dawo maka da agogo mai gumi a cikin gilashi.

Bidiyon kuma kaɗan-kaɗan, kada ka cusa komai a guda ɗaya. Kowane bidiyo tambaya ɗaya: yau alwala, gobe amsa kira, jibi kwana nawa caji ke yi. A ga agogon a hannun mutum, a ga farashi a rubuce. Ka zuba agogunan a katalog na WhatsApp Business, yana ɗaukar kaya har 500.

MaiGyaranWaya:
Hajiya ta tuna mini da amsa kira, don nan ne ake yawan rigima. Yawancin masu arahar suna da haɗin Bluetooth biyu, ɗaya na manhaja kamar Da Fit ko Wearfit Pro, ɗaya na murya. Mai saye ya haɗa na farko kawai, ya dawo ya ce ba ya kira. Haɗa masa duka biyun a shago, ka cire manhajar daga tsimin batir na wayarsa, in ba haka ba saƙonni za su daina shigowa.

DanKasuwa_Sabongari:
Bakod ɗin kwali iri ɗaya ne ga duk agogon samfuri ɗaya, ba zai nuna maka ko naka ne aka dawo da shi ba. Rubuta lambar MAC da ke cikin saitin agogon, wato lambar shaida da kowane agogo ke da tasa, a kan rasit. Na ajiya kuma ka bar su da caji wajen rabi, ka ƙara musu duk wata biyu ko uku, kuma ka janye su daga gilashin da rana ke bugawa, musamman Maris da Afrilu. Zafi ke kumbura batir har ya ɗaga murfin baya.