Inshorar rai da mamaci ya bari ba a ga takardarta ba: abin da kowannenmu ya tarar

Mai tambaya, daga Zariya

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce, bayan ya shekara 22 yana aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kaduna. Ranar sadakar arba'in wani abokin aikinsa ya ja ni gefe, ya ce Baba yana da inshorar rai, kada mu bari ta salwanta. Mun zazzage akwatinsa na ƙarfe da jakar da yake ajiye takardun gida, ba mu ga komai ba sai lambar asusun fansho da tarin takardun albashi ɗaure da roba. Mahaifiyarmu ba ta daɗe da fita takaba ba, ga kuma ƙanne shida a makaranta. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah ya faɗa mana abin da ya tarar.

Tsohon ma'aikacin sashen albashi, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, ka huta da binciken akwati, domin inshorar da ake nufi ba a hannun ma'aikaci takardarta take zama ba, tana ofishin da ya yi wa aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta rukuni, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara da alawus-alawus ba, kuma shi ke biyan kuɗin, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Shi ya sa ba za ka ga alamarta a takardar albashi ba, shi ya sa kuma da yawa suke rasuwa ba su taɓa ambata wa iyalinsu ita ba.

Ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata wasiƙa, ka tambayi sunan kamfanin inshorar da ya riƙe su a shekarar da Baba ya rasu, ka kuma sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Na nanata batun shekara ne saboda irin wannan inshora duk shekara ake sabunta ta. A wurin da na yi aiki, wata shekara an yi sakaci ba a sabunta ba, sai wani direbanmu ya rasu, manya suka so a sallami iyalinsa da ɗan kuɗin ta'aziyya. Wansa ya ƙi, ya kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma da yake doka ta ce wanda bai biya kuɗin inshorar ba shi zai biya magada daga aljihunsa, haka aka biya, rai ba ya so.

Uwar marayu, Kano

Allah Ya gafarta masa. Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ni ba gano inshorar ne ya wahalar da ni ba, tabbatar da mutuwar ne. Maigidana ya rasu a gida bayan sallar Asuba, kafin Azahar an kai shi makwancinsa, kuma a cikin wannan ruɗani babu wanda takardar likita ta zo wa a rai. Da ƙanena ya je ofis, sai aka lissafa masa takardar asibiti mai bayyana sanadin rasuwa da takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, aka ce da haɗarin mota ne har da rahoton 'yan sanda. Sai da muka koma wa likitan da ya daɗe yana duba masa hawan jini, muka karɓo wasiƙar limamin da ya sallace shi, aka kuma yi rantsuwa a kotu. Bayan duk wannan aka dawo mana da fayil ɗin, wai an rubuta Mohammed a wurin aiki, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wannan bambanci kaɗai ya cinye mana mako bakwai.

Sannan ka sani kuɗin kashi biyu ne. Abin da ke cikin asusun fansho ba a sake shi sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta kula da gado. Mu takardar kotu mai hatimi muka kai. Kuɗin inshora kuwa, wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom shi ake ba. Maigidana ya cike fom ɗin tun yana saurayi, ya rubuta yayansa, bai sake waiwayarsa ba har muka haifi 'ya'ya huɗu. Allah Ya sa Yaya mai tsoron Allah ne, ranar da kuɗin suka shiga ya kira malami da dattawan gida aka raba bisa ƙa'idar gado. Na san gidan da irin wannan suna ɗaya tilo ya raba zumunci, har yau ba a gaisawa.

Ɗan kasuwa, Jos

Tamu ta bambanta, domin yayata ma'aikaciyar jinya ce da ta yi inshora ta ƙashin kanta, ba ta faɗa wa kowa ba. A wayarta muka gano: duk ranar 28 ga wata akwai saƙon banki na cire naira 10,000 zuwa wani kamfanin inshora. Da sunanta da ranar haihuwarta suka fito da lambar yarjejeniyar, ba su nemi ainihin takardar ba, sai rantsuwar cewa ta ɓata. Sai dai ta daina biya wata 14 kafin rasuwarta, lokacin da jinya ta cinye albashi, don haka ba mu sami cikakken kuɗin ba, sai wani kaso na abin da ta tara. Kada ku bari layin wayar Baba ya mutu, kuma idan ya ci bashin banki ku tambaya ko akwai inshora a kan bashin kafin ku biya ko sisi.

Mazaunin Bronx, Amurka

Ga masu 'yan'uwa a nan, kawuna direban tasi ne, ya rasu bai bar takarda ba. Ƙungiyar kwamishinonin inshora ta Amurka, NAIC, tana da manhajar bincike ta kyauta tun 2016, inda ake shigar da sunan mamaci da lambarsa ta Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bai wa 'yan ƙasa da masu aiki a can) da ranakun haihuwa da rasuwa. Kamfani ba ya tuntuɓarka sai idan ya sami yarjejeniya kuma kana da haƙƙi a kanta. Mu shiru muka ji, daga baya muka ga sunansa a ofishin kuɗaɗen da ba a karɓa ba na jihar New York.

Mai tambaya, daga Zariya

Na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba Malam, na kai wasiƙar ranar Litinin, an buga hatimi, kuma an tabbatar mini an sabunta inshorar a shekarar. Hajiya, abin da kika faɗa shi muka tarar: sunan kakarmu ne a fom ɗin, ita kuwa ta riga shi rasuwa da shekara tara. Sun ce sai mun kawo takardar kotu da shaidar rasuwarta ita ma, don haka gobe da safe ni da baffanmu za mu fara da gidan mai unguwa.