Sabuwar kyamara tana ba ni matsala: in mayar ko in riƙe?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a sana'ar hoto. Makon jiya na sayi Canon EOS 2000D sabuwa fil a kwali, da madubin 18-55mm (wato lens, gilashin gaban kyamara) da take zuwa da shi, kuma mai shagon ya ce in mayar kafin Alhamis idan na ga aibi. Wani lokaci ina tsaka da ɗauka sai ta rubuta Err 02 ta tsaya cik, hotunan bayan magariba kuwa duk dishi-dishi suke fitowa, sannan akwai ɗigo baƙi guda biyu da ke bayyana a wuri ɗaya duk sanda na ɗauki sararin sama. Ranar Asabar ina da aikin kamu a Tudun Wada, har na karɓi kafin alƙalami. In mayar da ita in nemi aro, ko abin da zan iya gyarawa ne da kaina?

Mai Hoto Kwangila:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ya fi kayar da sabon shiga shi ne batir. Ka nemi batirinta na biyu, wato LP-E10, ka cika shi tun daren Juma'a, ka kuma kashe Wi-Fi domin yana shan caji. Naira dubu 12 na sayi nawa a Sabon Gari.

Ɗan Wusasa:
Malam, na dubu 12 ai ba na kamfani ba ne. Ni dubu 35 na biya, kuma da rasit a hannuna.

Tsohon Hannu:
Ku bar zancen batir, ku ji abin da memori, wato katin ajiye hotuna, ya yi mini. Na sayi wani a Kano, an rubuta 64GB a jikinsa, kwalinsa tsaf kamar na gaske, na tafi da shi ɗaurin aure a Gyallesu. Tun daga ƙofar masallaci har walima ina ɗauka, kyamarar tana ƙirga hotuna, ban ga alamar komai ba. Da na dawo gida na zuba a kwamfuta, sai na farko-farkon kawai suka buɗe, sauran duk sunaye ne babu hoto. Ashe ƙaramin kati ne aka yi wa dabara yake nuna girman da ba shi da shi, idan ya cika sai abin da aka ƙara ya salwanta. Na kai wa masu gyara biyu, babu wanda ya ceto ko guda. Mahaifiyar amarya ta zo har shago, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi kakar yarinyar ta taso daga ƙauye da ƙyar domin wannan rana, kuma babu wani hoton da suka yi tare. Na mayar da kuɗin aikin gaba ɗaya, amma wannan dangi har yau ba su sake kirana ba. Wanda ya sayar mini kuwa ya rantse bai taɓa ganina ba.

Hajiya Mai Situdiyo, Kongo:
Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Ɗana na Samaru, ina ganin labarin nan ya shafe ka, domin Err 02 a Canon yana nufin kyamara ta kasa karanta memori ko rubutu a kansa. Ka kwashe hotunanka, ka yi wa katin fomatin, wato ka goge shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar kanta ba a kwamfuta ba, ka kuma gwada wani katin da ka amince da shi. Akwai manhajar H2testw da ke tona ainihin girman kati. Dishi-dishin dare kuwa ƙarancin haske ne, domin madubinka idan ka jawo shi zuwa 55mm ƙofar shigar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, sai kyamara ta rage saurin ɗauka, hannu kuma ya motsa. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200, kada saurin ya gaza 1/125 na daƙiƙa idan mutane na motsi, ko ka nemi filasha. Ɗigon nan ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, kuma da hazon hunturun nan cire madubi sau ɗaya a waje ya isa. Wannan samfurin ba ya kakkaɓe sensarsa da kansa, saboda haka ka kifa bakin kyamarar ƙasa ka hura da robar hura iska. Kada ka hura da baki, kada ka sa auduga.

Ɗan Kofar Doka:
Ni dai na ce a duba da kyau, kada ya zama shirwa biyu ne suka taso daga Kufena suna bin Malam duk inda ya ɗaga kyamara.

Mai Hoto Kwangila:
Da girmamawa, Hajiya, aikin situdiyo daban, aikin fili daban. Wanda bai tsaya cikin ƙurar dawakai ranar hawan Sallah a ƙofar fada ba bai san abin da kyamara ke sha ba. Idan yaron nan ya taɓa sensa mai shago zai samu hujjar ƙin karɓa. Ya mayar kawai.

Hajiya Mai Situdiyo, Kongo:
Malam, tun ana wanke fim nake wannan sana'a, kuma ban ce ya taɓa komai da hannu ba. Idan ya mayar aka ba shi wata ya sa mata wannan katin, Err 02 ɗin ce za ta dawo.

Ɗan Samaru:
Na gode, Hajiya. Memorin kyauta mai shagon ya haɗa mini da shi. Nawa zan samu mai kyau?

Ɗan Wusasa:
Dubu 15 na sayi 64GB a PZ.

Tsohon Hannu:
Katin da ya cuce ni ma kusan haka na saye shi, don haka tsada ba shaida ba ce. Kuma ko da ka gyara komai, a wajen kamu za ka tarar da abin da ya fi memori ciwo, wato ƙawayen amarya da wayoyinsu. Daidai lokacin da za a fesa turare sai hannu goma su shiga gabanka, kyamara ta kama bayan waya ta bar fuskar amarya, gobe kuma a ce kai ne ba ka iya ba.

Mai Hoto Kwangila:
Wallahi haka ne, Alhaji. Daga baya ma sai su ce tunda sun samu na waya a rage musu cikon kuɗin. Akwai ango a Danmagaji da nake bi tun Babbar Sallah, album ɗinsa na nan a shago yana shan ƙura.

Ɗan Samaru:
To amma, iyayena, gobe Laraba ce. In hura sensar, ko in bar ta yadda take in kai wa mai shago?

Ɗan Wusasa:
Malam Kwangila, kai ma da laifinka. Ni ba na ɗaga kyamara sai an biya kashi biyu cikin uku, kuma ba na tura ko hoto ɗaya ta WhatsApp kafin ciko ya shigo.