An fasa auren ƙanwata saboda ciwon Baffa

Maman Ilham: Jama'a, raina a ɓace yake. An sa ranar auren ƙanwata, jiya gwaggon yaron ta zo ta kwashe akwatunan lefe, wai sun ji ƙanin mahaifinmu yana da taɓin hankali, kuma ciwon gado ne. Baffa shekara 11 yana shan maganinsa, kullum yana kan keken ɗinkinsa. Yarinya tun jiya ko ruwa ba ta sha ba. Wannan adalci ne?

Sista Nas: Sannu Anti, Allah ya ba ta haƙuri. In sikizofireniya ce, wato taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, akwai gado a ciki, amma ba yadda suka ɗauka ba. Cikin mutum 100 kusan 1 ke kamuwa. Wanda uwa ko uba ke da ita, kusan 10 cikin 100. 'Yar ɗan'uwa kuwa ƙasa da haka sosai.

Ɗan Fagge: Kin ce gado, ai kin ba su gaskiya ke nan!

Sista Nas: Ko tagwaye masu kama ɗaya, in Hassan ya kamu, kusan rabin lokaci Husaini lafiyarsa ƙalau. Da gado ne zalla, da duka za su kamu.

Ɗan Fagge: To ki daina cewa gado. Gona ake gado, da gida.

Ɗalibin Likita: Yaya, kalmar daidai take. A 2014 wani babban bincike ya gano wurare 108 a ƙwayoyin halitta masu alaƙa da cutar. Ɗaya shi ne mai gina wurin da dofamin, sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, ke maƙalewa, wato D2, wanda magunguna irin su haloferidol ke toshewa. Kowanne tasirinsa ɗan ƙanƙani ne. Sannan akwai muhalli: waɗanda aka yi cikinsu a tsakiyar yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, haɗarinsu ya kusan ninkawa. Masana na ganin wahala tana barin alamomin sinadari a kan ƙwayar halitta, masu kunna ta ko rage aikinta.

Malam Na Zaure: Duk wannan ba wanda ya ambaci aljanu da sammu. Turawa kawai kuke bi.

Ɗan Fagge: Ni wiwi na sani, ita ta lalata samarin layinmu.

Maman Ilham: Baffana ko taba bai taɓa sha ba, ka iya bakinka!

Ɗan Fagge: Yi haƙuri Hajiya, ba da shi nake ba.

Malam Na Zaure: Yaro, ka amsa mini, ruƙiya ƙarya ce?

Ɗalibin Likita: Allah gafarta Malam, ban ce haka ba. A yi addu'a, kada dai a ajiye magani.

Shugaban Zaure: Mun rufe nan. Abin da na fahimta, likitocin da kansu sun yarda ba gado zalla ba ne, kuma maganar Malam ba wanda ya iya ture ta. Hajiya, a kai Baffa wurin ruƙiya.