Shirya jiki kafin wasan zamiya kan ƙanƙara

Masu horar da 'yan wasa a Samaru sun ba ɗaliban da za su Turai shawara: a fara shiri mako shida kafin tafiya. Cinya ce ke shan wahalar zamiya, don haka a jingina da bango kamar mai zama kan kujera, daƙiƙa 30, ana ƙarawa har minti biyu. Tsugunne-tashi 15 sau uku, kwana uku a mako.

Hawa Dutsen Kufena da ke Zariya na ƙara juriya, amma saukowa a hankali ta fi amfani, ita ke koya wa cinya riƙe jiki a gangare. Kada gwiwa ta karkata ciki wajen tsugunnawa, domin hakan na iya tsinka jijiyarta. In hazo ya yi yawa, a yi motsa jikin a ɗaki.