Da aka raba Arewacin Kamaru uku a 1983, me kuka gani da idonku?

Mai tambaya, Ngaundere: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ɗana ya dawo daga Yola yana tambayata ko Adamawarmu ta Kamaru jiha ce kamar tasu ta Najeriya, na rasa amsa. An haife ni bayan Shugaba Biya ya raba lardin Arewa uku (Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa) a watan Agustan 1983. Don Allah wanda ya ga lokacin ya ba mu labari.

Dattijo, Banyo: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin rabon, daga nan har bakin Tafkin Cadi gwamna ɗaya ne, yana zaune a Garwa. Na taɓa bin takardun fanshon mahaifina da damina. Mota ta lalace mana a gangaren dutsen nan na bayan Ngaundere, muka kwana bakin hanya, takardun suna cikin leda a ƙarƙashin rigata saboda ruwa. Da na isa aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na dawo hannu biyu. Tsoho bai ci kuɗin nan ba har Allah Ya karɓi abinSa. Shi ya sa ranar da aka kawo gwamna Ngaundere na yi murna har cikin raina.

Hajiya, Marwa: Allah Ya jiƙan Baba. Mu nan da aka kawo mana namu gwamnan, ma'aikata suka cika gari, haya ta tashi. Maigidana ya gyara shagon zaure ya ba wani akawu, ni kuma na kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Amma jami'a sai 2008 muka samu, shekara 25 bayan rabon.

Malamin makaranta, Garwa: Yaya, ka faɗa wa yaron gaskiya: ba jiha ba ce. Gwamnan Yola da ƙuri'a yake hawa, namu shugaban ƙasa ke naɗa shi daga Yawunde. A 2008 aka sauya suna daga lardi zuwa yanki. A Disambar 2020 aka zaɓi majalisar yanki, mutum 90: kansiloli suka zaɓi 70, sarakuna suka zaɓi 20. Ranar na wuni da katin zaɓena a aljihu, ba inda zan jefa. Abin yana damuna har yau.

Dattijo, Banyo: Haka ne, Malam. Ni dai da za a ba mu iko da kuɗin hanyar Tibati, da mun san ramin da za mu fara cikewa.