Ina ake cin kifi a bakin ruwa a Istanbul?

Maman Twins: Salam jama'a, dan Allah waɗanda suka san Istanbul, sati mai zuwa zan je sarin kaya Laleli ni da ƙanwata, muna so mu ci kifi a bakin ruwa ko sau ɗaya ne amma ba wajen da za a yanke mu ba. Ina kuka ba mu shawara?

Ɗan Kwari: Hajiya ai kusa ne, ki hau taragon T1 daga Laleli ki sauka Eminönü. Nan gefen gadar Galata ake sayar da balık ekmek, gasasshen kifi ne cikin burodi da albasa da latas, kuma wlh titus ɗinmu ne na gida ba wani baƙon kifi ba. Ki matsa lemon tsami ki ci kina kallon jiragen ruwa, sai dai ki kula da ƙaya.

Ummu Hanan: Gidajen abincin ƙarƙashin gadar nan kuma ki yi hattara Yaya, ni dai na sha, wani ya ja mu ciki da daɗin baki ya nuno mana ƙaton kifi a tire muka ce to, ashe da kilo ake lissafi, da aka kawo bil saida na kusa kuka. Ki sa a auna a faɗa miki kuɗin tukuna. Kuma da yawansu suna sayar da giya.

Maman Twins: Kai Allah ya kiyaye! Wajen sallah fa?

Ɗan Kwari: Masallacin Yeni Cami na nan tsallaken titi, akwai ɓangaren mata.